Kuɗin Fito a Kan Kayan Gida na Masu Ƙaura: Nazari Daga Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna kudancin Jihar Kano ne, nesa da teku, nesa kuma da kowace iyakar ƙasa. Saboda haka mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa manomin shinkafa na Tudun Wada ko masuncin Tiga da maganar kwastan? Abin da ya haɗa su shi ne tafiya. Da wuya mutum ya shiga babban gari a wannan yanki ya rasa gidan da ke da ɗa ko 'ya a wata ƙasa. Akwai masu neman kuɗi a Makka da Madina da Jidda, akwai ɗalibai a Masar da Indiya da Malesiya, akwai malaman makaranta da suka tafi ƙaro ilmi Ingila, akwai kuma waɗanda aure ko fatauci ya zaunar da su a Nijar da Gana da Kamaru. Kowane ɗaya daga cikinsu, ran da ya tashi tafiya ko ya tashi dawowa da iyalinsa, tilas kayansa su bi ta hannun ma'aikatan kwastan.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda doka ta ɗauki kayan gida na mutumin da ya sauya ƙasar zama, watau tufafinsa da shimfiɗunsa da tukwanensa da littattafansa da sauran abin da yake amfani da shi yau da kullum. Abin da za a nuna shi ne, galibin ƙasashe, har da Nijeriya, sun yafe wa irin waɗannan kaya kuɗin fito, amma yafewar tana rataye ne a wuyan mai kayan da takardunsa da lokacin da kayan suka iso. Da yawa daga cikin asarar da mutanenmu suke yi ta samo asali ne daga wasu al'adunmu masu kyau, irin su tsaraba da ɗaukar saƙo, waɗanda sukan sa kayan gida su yi kama da kayan sayarwa a idon mai duba kaya.

2.0 Asalin Kalmar Fito da Tarihin Biyansa

A asalin Hausa, fito shi ne ƙetarar da mutane da dabbobi da kaya daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan, ladan da akan biya kuwa shi ne kuɗin fito. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan biya sarai, domin sukan biya a mashigin Kwara, su kuma biya sarakunan ƙasashen da ayari ya ratsa, musamman a ƙasar Bargu, kafin su kai Salaga. Madugu ne ke yin ciniki da masu karɓa a madadin ayari duka, sa'an nan a raba wa kowa gwargwadon yawan jakunansa. Daga nan ne kalmar ta faɗaɗa, har ta zama sunan harajin da gwamnati ke karɓa a kan kayan da suka ƙetaro iyaka.

Yankin da muke magana a kai ba baƙo ba ne a wannan tarihi. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar Kano zuwa Zariya, kuma Baturen nan mai yawon bincike, Kilafatin, ya ratsa ta garin a 1826, ya bayyana shi a kan babban gari ne na kasuwanci. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta koma Akra da zama, shi ma ya yi fataucin goro a can kafin ya dawo ya kafu a Kano. Ke nan ƙaura zuwa wata ƙasa da dawowa gida abu ne da kakanninmu suka saba da shi tun kafin a ja iyakokin da muka sani yanzu.

Da Turawa suka ci ƙasar Hausa, sun ɗora wa ayari haraji na ɗan lokaci, aka soke shi a 1907. Aikin kwastan irin na zamani kuwa ya faro ne a gaɓar teku ta kudu a 1891. Dokar da ta daɗe tana tafiyar da shi ita ce ta 1958, wadda aka maye gurbinta da sabuwar Dokar Hukumar Kwastan ta Nijeriya a 2023. Bambancin fiton da da na yanzu shi ne, a da madugu ne ke magana da yawun kowa, kuma ciniki ake yi baki da baki. Yanzu kowane mai kaya shi ne madugun kansa, takarda ce kuma ke magana.

3.0 Dalilin Yafewa da Sharuɗɗanta a Nijeriya

Gwamnati tana karɓar kuɗin fito ne domin abu biyu: ta sami kuɗin shiga, ta kuma kare masana'antu da manoman gida daga gasar kayan waje. Tsohuwar katifar mutum da kwanukan matarsa ba su shiga kasuwa, ba su kuma gasa da kayan kowa, an ma riga an biya musu haraji a ƙasar da aka saye su. Don haka ne ƙasashen duniya suka ga babu adalci a sake karɓar haraji a kansu. Yarjejeniyar Kiyoto ta sauƙaƙa ayyukan kwastan, wadda aka ƙulla a 1973, aka yi mata gyara a 1999, ta shawarci ƙasashe da su yafe wa kayan mai sauya mazauni. Jakadu kuwa nasu sassaucin daban ne, yana cikin Yarjejeniyar Biyana ta 1961, bai kuma shafi ɗalibi ko ɗan kasuwa ba.

A Nijeriya ana iya taƙaita sharuɗɗan yafewar kamar haka:

Na farko, mai kayan ya kasance ya zauna a waje zama na gaskiya, aƙalla wata 9. Fasfo da hatiman shiga da fita da takardar izinin zama, wadda mazauna Saudiyya ke kira igama, su ne shaida. Wannan sharaɗi ya fitar da alhaji wanda ya yi sati huɗu ko biyar a ƙasa mai tsarki, ya kuma fitar da mai zuwa Dubai ko Jidda saro. Waɗannan fasinjoji ne, ba masu ƙaura ba ne, hukuncinsu daban.

Na biyu, kayan su kasance mallakarsa ne, an kuma yi amfani da su. Abin da ke cikin kwalinsa da ledarsa, ba a taɓa buɗewa ba, sabo ne a idon doka ko da an saye shi da niyyar amfanin gida.

Na uku, kada kayan su kasance na sayarwa. Ma'aikaci ba ya ganin zuciyar mutum, saboda haka da yawan kaya yake auna niyya. Keken ɗinki ɗaya kayan gida ne, guda goma sha biyu iri ɗaya kuwa haja ce.

Na huɗu, lokaci. Kayan da ba su zo tare da mai su ba, watau waɗanda aka ɗoro a jirgin ruwa ko jirgin sama na kaya, ana bukatar su sauka cikin wata 2 da isowarsa, sai fa in ya nemi ƙarin lokaci hukuma ta amince. Akwai takarda ta musamman ta bayyana irin waɗannan kaya, wadda ma'aikata ke kira PUBD, mai kayan ne kuma ke cika ta da sunansa idan ya sauka.

Na biyar, mota ba ta cikin kayan gida. Ko shekara goma mutum ya yi yana hawanta a waje, sai ya biya mata fito. A farkon 2017 ma gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, ta ce sai ta tashoshin jiragen ruwa.

Bayan waɗannan akwai jerin kayan da aka haramta shigowa da su don kasuwanci. A ciki akwai tsofaffin firji da tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki, akwai kuma tufafin gwanjo. Wannan yana da muhimmanci ga mai ƙaura, domin tufafin iyali tsofaffi ne, gwanjo ma tsofaffi ne. Abin da ke raba su shi ne yawa da yadda aka ɗaure su. Akwatunan suturar miji da mata da yara ba su da matsala, amma dila-dila na tufafi masu girma iri-iri sun zama abin tuhuma. Haka nan duk wanda ya shigo ko zai fita da tsabar kuɗi da suka haura dalar Amurka 10,000, ko kwatankwacinsu, wajibi ne ya bayyana.

Ga fasinja na yau da kullum kuma, a 2025 hukumar kwastan ta sanar da cewa ƙananan kaya da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba an yafe musu fito, har sau huɗu a shekara. Wannan ya rufa wa mai 'yar tsaraba asiri, amma bai kai ga mai kwantena ba.

4.0 Yadda Ake Lissafin Abin da Za A Biya

Idan kaya suka faɗi daga cikin yafewa, to sai a yi musu lissafi kamar kowace haja. Tun 2015 Nijeriya take aiki da jadawalin fito na bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda ya kasa kaya gida biyar. Akwai waɗanda ba a biya musu kome, irin su wasu magunguna da littattafai. Akwai na kashi 5 cikin 100, galibi ɗanyun kaya da injunan masana'antu. Akwai na kashi 10, watau kayan da aka fara sarrafawa ba a gama ba. Akwai na kashi 20, nan ne mafi yawan kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa suke. Sa'an nan akwai na kashi 35, na kayan da ake son a kare masu yin su a gida.

Ba a kan kuɗin saye kaɗai ake ɗora wannan kaso ba. Ana haɗa kuɗin saye da kuɗin dako da na inshora, a juya su zuwa naira bisa farashin canjin da hukuma ke aiki da shi a ranar. Bayan an fitar da fito, sai a ɗora harajin VAT a kan jimlar, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 a 2020. Akwai kuma wasu ƙananan kuɗaɗe da ake ƙarawa, kamar rabin kashi ɗaya na ECOWAS a kan kayan da suka fito daga wajen yankin.

Bari mu yi misali, mu ajiye ƙananan kuɗaɗen a gefe don sauƙin fahimta. A ƙaddara wani malami ya gama karatu, ya sayo sababbin kayan lantarki da suka faɗa rukunin kashi 20, kuɗinsu da dako da inshora ya kama dala 1,000. In ana lissafin dala a kan naira 450, darajar kayan ta zama naira 450,000, fito naira 90,000, VAT naira 40,500, jimla naira 130,500. In kuwa ana lissafin dala a kan naira 1,500, darajar ta zama naira 1,500,000, fito naira 300,000, VAT naira 135,000, jimla naira 435,000. Kaya ɗaya ne, kaso ɗaya ne, amma abin biya ya ninka fiye da sau uku. Irin wannan ne ya faru bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023. Kafin lokacin farashin da kwastan ke lissafi da shi bai kai naira 500 ba, zuwa farkon 2024 kuwa ya haura naira 1,000. Wanda ya yi kasafinsa da labarin wani da ya dawo a 2021, sai ya tarar kuɗin hannunsa ba su isa ba.

Daɗin daɗawa, fito ba shi ne kaɗai abin kashewa ba. Ko kayan da aka yafe wa fito sai an biya musu kuɗin kamfanin jirgi da na sauke kaya da ladan ejan da kuɗin mota. Kowace rana da kwantena ta ƙara a Apapa ko Tinkan bayan kwanakin da aka ba ta kyauta, kuɗin ajiya na hauhawa. Idan kuma kaya suka wuce wa'adin da doka ta yanka ba a fitar da su ba, hukuma tana da ikon yin gwanjonsu. Sau da yawa jinkirin takarda ya fi fiton kansa cin kuɗi.

5.0 Inda Al'adunmu Suke Karo da Sharuɗɗan

A nan ne zuciyar wannan takarda take. Akwai al'adu huɗu da ya kamata a duba.

Ta farko ita ce tsaraba. Mutumin Ƙiru da ya shekara bakwai a Madina ba zai shiga gida hannu rabbana ba. Akwai iyaye da surukai da ƙanne da maƙwabta da malaminsa na allo, kowa yana sa rai. Don haka sai ya sayo dardumai da jallabiyoyi da abayoyi da turare da agoguna, kowanne da dama, duk sababbi, duk iri ɗaya. A wurinsa sada zumunci ne. A wurin mai duba kaya kuwa alamu biyu na haja sun cika, watau sabunta da yawa. Mafi muni shi ne idan aka cuɗa tsarabar da tsofaffin kaya cikin buhu ɗaya ba a bayyana ba, sai ta jawo wa kayan duka tuhuma.

Ta biyu ita ce ɗaukar saƙo. Da zarar an ji wane zai koma gida da kwantena, sai 'yan garinsu su yi ta kawo ƙunshi, wannan na mahaifiyata ne a Doguwa, wannan na ƙanena ne a Bebeji. Ƙin karɓa abin kunya ne. Amma yafewar da doka ta yi ta mai ƙaura ce shi kaɗai, ba ta haɗa da kayan wani ba. Kuma duk abin da aka samu a cikin kaya, wanda sunansa ke kan takarda shi ne zai amsa. Ba a banza ba hukumomin alhazai suke nanata wa maniyyata kowace shekara cewa kada su karɓi jakar da ba su san abin da ke cikinta ba. Akasin wannan ma yana faruwa, watau mai ƙaura ya zuba kayansa cikin kwantenar wani ɗan kasuwa don rage kuɗin dako. Da yin haka kayan sun fita daga sunansa, sun koma haja, yafewa ta faɗi.

Ta uku ita ce kayan ɗaki da lefe. Uwar da ke zaune a Jidda takan ɗauki shekaru tana tara wa 'yarta kwanuka da tangaran da zannuwan gado da labule, ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba, domin amarya ba ta shiga da tsoho. A al'adance babu kayan da suka kai waɗannan zama kayan gida. A dokance kuwa sababbi ne, ba a yi amfani da su ba, sun cancanci fito. Haka abin yake ga atamfofi da shadda da leshi na lefe. Gwal ma yana da nasa hukunci, tun daga ƙasar da za a fito da shi.

Ta huɗu ita ce rashin ajiye takarda. Cinikinmu na amana ne, ba mu saba karɓar rasit ba, in mun karɓa ma ba mu adana shi. To idan babu rasit, ma'aikaci ne zai ƙiyasta darajar sabon abu, ba kuma abin da mai kaya zai kafa hujja da shi cewa tsohon abu ya daɗe a hannunsa. Wanda ya zauna a wata ƙasa ba da izini ba, matsalarsa ta fi haka, domin ba shi da abin da zai nuna cewa ya cika wata 9 ɗin.

Muhimmancin takarda bai ƙare a tasha ba. Kayan da aka fitar daga Legas sukan biyo hanyar Kaduna da Zariya, su iso Kwanar Ɗangora, daga nan na Tudun Wada da Doguwa su karkata kudu ta hanyar da ta ratsa dajin Falgore. 'Yan sintirin kwastan suna da ikon tsayar da mota a kan hanya su nemi shaidar fito. Saboda haka ya kamata takardun sakin kaya su kasance tare da direba har ƙofar gida. Tashar tudu ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a 2023, an kafa ta ne domin a riƙa kammala aikin kwastan a Kano maimakon Legas, amma sai an rubuta tun daga ƙasar da aka ɗoro kaya cewa can za su sauka.

6.0 Mai Fita Daga Nijeriya

Abin da aka faɗa game da mai dawowa ya shafi mai tafiya, sai dai kowace ƙasa da ma'auninta. A Ingila ana bukatar mutum ya kasance ya zauna a wajen ƙasar wata 12 a jere, ya mallaki kayan yana amfani da su aƙalla wata 6, ya shigo da su cikin wata 12 da zuwansa, kada kuma ya sayar ko ya ba da aronsu kafin shekara ta cika. Ana neman izinin ne ta intanet da takardar da ake kira ToR1, ya fi kyau kuma a samu kafin kaya su tashi. Ƙasashen Tarayyar Turai, irin su Faransa da Jamus, ma'auninsu kusan ɗaya ne da wannan, bisa wata doka tasu ta 2009. A Amurka kuwa ana son a ce an yi amfani da kayan gidan shekara guda, akwai kuma takarda mai lamba 3299 ta kayan da ba su zo tare da mai su ba.

Abin da ya fi kama mutanenmu a waɗannan ƙasashe abinci ne. Kilishi da dambun nama suna cikin abin da dokokin lafiyar dabbobi na Turai da Amurka suka hana fasinja shiga da shi, hatsi da iri ma akwai ƙa'ida a kansu. A Saudiyya, inda harajin VAT ya koma kashi 15 a 2020, ana yafe wa tsofaffin kayan amfanin kai, amma akwai tsanani a kan magunguna, an kuma daɗe ana gargaɗin matafiya game da goro. Daga ɓangaren Nijeriya kuma, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana fita da kayan tarihi ba da izini ba. Wanda ya gaji tsohon takobi ko tsohon rubutun hannu, ya nemi bayani kafin ya sa shi cikin akwati.

Maƙwabciyarmu Nijar tana bukatar kulawa ta musamman, domin mutanenmu ba su ɗauke ta wata ƙasa ba. Amma an rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Wanda zai kai amarya Maraɗi ko Damagaram da kayan ɗakinta, ya bi ta mashigin hukuma, kamar Jibiya ko Kwangwalam ko Maigatari, da jerin kayan a rubuce. Bin ɓarauniyar hanya yana mai da halattattun kaya su zama fasa-ƙwauri.

7.0 Ƙaurar Dole

Duk sharuɗɗan da aka ambata an gina su ne a kan mutumin da ya shirya tafiyarsa cikin natsuwa. Tarihi kuwa ya nuna mana ba kullum ake samun haka ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawan zango da yawa suka karyar da kayansu ko suka bar su. A 1983 Nijeriya ta yi wa baƙinta irin wannan kora. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro 'yan ci-rani, yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya sa aka kwaso ɗalibanmu ta Masar da Fot Sudan, kowa da 'yar jakar hannunsa. Wanda ya dawo a irin wannan hali, in ma an sami mai aiko masa da kayansa daga baya, wata 2 ɗin sun daɗe da wucewa, wataƙila fasfon ma ya salwanta. Damar neman ƙarin lokaci da doka ta bayar don irin waɗannan ta fi dacewa, sai dai wanda bai san da ita ba ba zai nema ba.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa fito tsohon abu ne a wurin Bahaushe, cewa doka ta yafe shi ga kayan gida na mai ƙaura, cewa kuma yafewar tana da sharuɗɗa na zama da mallaka da amfani da yawa da lokaci. Bisa ga haka ana ba da waɗannan shawarwari.

Mai shirin ƙaura ya rubuta jerin kayansa akwati-akwati, ya sa wa kowanne lamba, ya ware sababbi daga tsofaffi, ya bayyana sababbin da kansa, ya kuma tanadi kuɗinsu bisa canjin ranar. Duk takardun dako su fito da sunan da ke cikin fasfonsa harafi da harafi, domin Muhammadu da Mamman mutum biyu ne a kan takarda. In zai karɓi saƙo, ya buɗe a gaban mai shi, ya kuma gaya masa cewa fiton sabon abu a wuyan mai saƙo yake. Ya yi hulɗa da ejan mai lasisin hukuma, ya biya fito ta banki, ya riƙe shaidar biya.

Hukumar kwastan, ta ofishinta mai kula da Kano da Jigawa, ta buga waɗannan sharuɗɗa da Hausa, da boko da ajami, a manna a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da ofisoshin alhazai na ƙananan hukumomi, a kuma karanta a gidajen rediyo. Makarantun da ke tura malamansu karatu waje su sa wannan bayani cikin abin da ake gaya wa mai tafiya tun kafin ya tashi. Mu kuma malaman kwalejojin ilmi, musamman masu koyar da ilmin zaman jama'a da na kasuwanci, muna iya mai da lissafin da ke sashe na huɗu darasin aji, domin ɗalibanmu su ne za su koma Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su koyar, su ne kuma akan kai wa takarda a ce su karanta idan ɗan gari ya aiko cewa yana tafe da kaya.